Firjin Tafiya Yanbu

Giris ya kai wa Malam Abdussamad har gwiwar hannu. Ya ɗora curi a tafinsa yana danna boris ɗin taya a kai, sai da ya ga maiƙon ya ɓullo ta ɗaya gefen, kamar yadda ya saba yi wa bas-bas ɗin alhazai shekara talatin kafin ya yi ritaya. Karafan ɗin, wato ɗan ɗakin da mota ke ja, yana tsaye a gonar dabinon amininsa a unguwar Awali, jak ya ɗaga gefen hagunsa tun shekaranjiya.

Tafiya Yanbu, garin bakin teku, ce a gabansu ran Alhamis. Ciwon suga yana cin idon matarsa Zulaiha a hankali, har ta jefa tabarau ɗinta a durowa ta ce ba abin da ya rage na kallo. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga teku kafin hasken ya ƙarasa tafiya. 'Yarsu Hanan kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ba a ja da ita: in firjin karafan bai riƙe sanyin allurar insulin ba, babu inda za a je.

Firjin kuma, mai aiki da gas, ya zaɓi wannan makon ya yi yaji.

Malam ya goge bakin wutar, ya hure bututun hayaƙi, ya sake tukunyar gas. Wuta na ci shuɗiya shar, amma cikin firjin ɗumi kamar aljihu. Mutumin da ke gane ciwon inji daga tarinsa, yau akwatin sanyi ya tsaye masa a wuya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Khalas, shi ke nan, Baba," in ji Hanan, tana duba ma'aunin zafi. "Ashirin da shida. Maganin Ummi zai lalace."

Zulaiha ta laluba ƙofa ta hau da butar shayi. Taku biyu ta yi ta tsaya.

"Malam, ɗakin nan a karkace yake."

"Jak ne, Hajiya. Boris nake yi."

"Ka kunna firji a karkace, kana jiran sanyi?" Ta yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai ji ba. "Firjin kananzir ɗin Abbanmu ma haka yake. In bai zauna daidai ba, ko kwana ya yi yana ci ba ya sanyi. Ni ce mai sa masa kwali a ƙafa. Hanan, ba ni kwano da ruwa."

Malam ya buɗe baki zai kare shekarunsa talatin, ya ga babu riba, ya koma ga tayarsa. Ya mayar da boris, ya ɗaure noti, ya ɗan sassauta shi, ya sa fil. Ya juya tayar, ta yi ta yawo shiru babu gurnani. Sannan ya fara sauke jak.

Zulaiha ta ɗora kwanon a kan firjin, cike fal, yatsunta biyu a gefe da gefen bakinsa.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Ya isa! Sa dutse a ƙarƙashin tayar dama."

Suka kashe wutar, suka sha shayi, suka sake kunnawa. Aka yi azahar, aka yi la'asar, babu mai taɓa ƙofar. Malam ya yi ta zagaye karafan yana ƙwanƙwasa tayoyin da ba su yi masa laifin komai ba.

Da inuwar dabino ta yi tsawo, Hanan ta buɗe. Ta duba ma'aunin, ta sake dubawa.

"Bakwai," ta ce. "Yana sauka."

Zulaiha ta zura hannu ciki, ta dafa ƙarfen baya, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Hanan," ta ce, "in mun koma gida, ki duba min durowar nan ta sama. Tabarau ɗina na ciki."