Ƙwan Zabbin Matan Tamawa

Tun daga bakin ƙofar ɗakin ƙwai na Tamawa warin ya tare Ikrima, irin warin nan da ba ya tsayawa a hanci sai ya sauka maƙogwaro. Ya toshe hanci da bakin rigarsa, ya buɗe injin ƙyanƙyasar da shi da kansa ya haɗa a shagonsa na Dutsin-Ma. Ƙwan zabbi ɗari shida ne a ciki, na ƙungiyar matan Tamawa. Kwana ashirin da takwas ya kamata su yi, yau ga shi talatin da ɗaya. Wasu sun fashe, wani koren ruwa yana ɗiga daga tire zuwa tire, tsutsa na ta sha'aninta. Ya fito da gudu ya amayar da kokon da ya sha da safe.

Abin takaicin, ya san ainihin ranar da aka kashe ƙwan nan.

Yadda ya tsara injin, 'yar na'urar da ke jin zafi tana ciki, akwatin da ke kunna hita yana manne a jikinsa, su biyun suna magana ta hanyar da masu sana'ar ke kira I2C. Waya biyu ce, ba ta da wahala, amma 'yar gida ce, ba ta son tafiyar da ta wuce kamu biyu. Sai ga Alhaji Jamaluddeen, uban ƙungiyar, mutumin da ko bokiti ya saya wa mata sai an ɗauki hoto. Ya ce a cire akwatin a kai ofishinsa, taku ashirin daga ɗakin ƙwai, don baƙi su riƙa ganin lambobi suna haske a allonsa.

Ikrima ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce I2C ba ta kai nan, wata hanyar, SPI, ma duk da saurinta ba ta kai, ga shi kuma wayar za ta bi ta gefen wayar famfon burtsatse. RS-485 ce aka yi don nisa da hayaniyar wuta, sai dai kayanta sai an aiko daga Kano, mako guda.

"Mako guda? Baƙina jibi za su zo daga Katsina," in ji Alhaji. "Waya ai waya ce, Malam Ikrima. Ja ta kawai."

Ya kuwa ja ta. Ya gwada, ta yi aiki, baƙi suka tafa, ya hau babur ɗinsa ya koma Dutsin-Ma yana ce wa kansa zai dawo ya canza. Bai dawo ba. Wata rana famfo ya tashi, maganar ta sarƙe, akwatin ya riƙe lambar ƙarshe da ya ji, ya ɗauka zafi ya isa, bai sake kunna hita ba.

Da ya kurkure baki ya shiga ofis, ya tarar da Alhaji yana fesa turare. Allon na nan a bango, tsaf, yana nuna talatin da bakwai da ɗigo shida, daidai zafin da ƙwai ke so.

"Ka gani da idonka, injin lafiya lau yake," Alhaji ya ce, ya rage murya. "Matan na waje. Ka hwaɗa masu ƙwan nasu ne ba kyau, sun kawo tsohon ƙwai. Kai za su yarda da kai."

Ikrima ya dube shi, ya ji ƙyamar da ta fi ta ɗakin ƙwai. Kuma rabin ƙyamar ta kansa ce, don sai da zuciyarsa ta ɗan auna maganar kafin ta ƙi.

Matan suna zaune gindin dalbejiya, kowa ta rufe hanci da mayafi. Inna Turai ce babbarsu, ƙwai tamanin nata ne. Zabbi ba sa ƙwai sai da damina, damina kuwa ta juya baya, wanda ya rasa bana sai baɗi.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ƙwanku ba shi da laifi. Ni na sa wayar da ba ta dace ba, injin ya daina ba su zafi."

"Kuskure ka yi, ko ka sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na sa ta."

Wata a cikin matan ta ja tsaki, wata ta tofar da yawu gefe. Inna Turai ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta shiga ɗakin ba tare da ta toshe hanci ba, ta fito da ƙwai guda, ta fasa shi a kan dutse a gabansa. Ɗan tsako ne a ciki, ya yi baki da ƙafafu, har gashi ya fara tsiro masa.

"Duba shi da kyau," ta ce. "Da kaji nike ɗora wa ƙwan zabbina, shekara arba'in. Kaza takan gaji ta tashi, amma in ta tashi ina gani. Ba ta taɓa tashi ta ce mani tana kwance ba."

Ta juye kwandon da ta zo da shi don kwasar 'yan tsaki, ta kakkaɓe ƙaiƙayin da ta shimfiɗa masu a ciki, ta miƙa masa.

"Kwashe su da hannunka, Malam Ikrima. Ka ƙirga mani tamanin, ni zan binne nawa."