Randunan Hajjo

Kafin wani mai farar riga ya san sunan ciwon nan a ƙasar Isa, ni Na'Allah wanzami na riga na gan shi. A bakin askata na gan shi. Na yi wa mutum ƙaho, tsaga ƙanana irin waɗanda kan bushe kafin a tashi daga tabarma, sai ga jini ya ƙi tsayawa har la'asar. Bayan haka ya kama ni ni ma, ya tauna mini gaɓoɓi kamar kura ta sami ƙashi, ya gaji ya sake ni, don wanda ya wuce yunwa biyu da gudun hijira uku ba zazzaɓi ke kai shi ƙasa ba. To amma labarin wanga na Hajjo ne, maƙwabciyata a Turba.

Hajjo ɗiya biyu Allah ya ba ta. Babbar, Maryamu, ta haihu a shekarar da mutanen daji suka tashe su, suna zaune a makarantar boko a Isa, babu itace babu ruwa. Ba a yi mata wankan jego ba, jiki ya kumbura, ta rasu. Mata suka ce ɗanyen jiki ne. Maganar nan ta shige Hajjo ta zauna. Saboda haka da ƙaramar, Ikramu, ta zo goyon ciki daga gidan mijinta a Sabon Birni, Hajjo ta yi rantsuwa a zuci cewa wagga kam za a gasa ta da ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in, ko da ruwa zai ƙare a duniya.

Rijiya tana bayan gari, inda mata ba su son zuwa yanzu saboda mutanen daji. Sai Hajjo ta yi dabara. Tun damina na da ƙarfi ta shiga tara ruwan sama. Ta aro randuna, ta samo ganguna, har da tsohuwar tukunyar rini ta wanke, ta jera su bayan ɗakin Ikramu a inuwar darbejiya. Murafai ba su isa ba, ba ta damu ba, ruwa dai garau, kana ganin gindin randa.

"Hajjo, gulbi za ki buɗe?" in ji matan unguwa in sun leƙo.

"Awo. Wadda ta so kwalekwale ta biya."

A nan inuwar Ikramu ke yini, tana tsinkar zogale, tana marin ƙafafunta. Da dare uwar ba ta barin ta kwanta sai cikin gidan sauro, ta bi ta soke gefe da gefe. Sauron rana kuwa, wani ɗan baƙi mai zanen fari a ƙafa, wa zai kula da shi?

Ciwon ya fara, Ikramu ba ta faɗa ba. Cikin fari ne, da kunyarsa, ɗiya ba ta buɗe baki ta yi wa uwa zancen abin da ya shafi cikinta. Sai da Hajjo ta gan ta ta dafe idanu da hannu biyu, ta taɓa goshinta ta ji kamar murhu.

"Ke, tun yaushe?"

"Ba komi, Inna."

"Ba komi ne ke sa ki tafiya kamar an ɗaure ki da igiya? Ina ke ciwo?"

"Bayan idanu. Da baya. Ko'ina ma, Inna, kamar ana karya ni."

Hajjo ta ce zazzaɓin cizon sauro ne da aka saba. Ta aika aka sawo maganinsa, aka haɗo da wasu jajayen ƙwayoyi na ciwon jiki. Zazzaɓi bai ko gezau ba. Sai ta ɗauki mayafi ta zo zaurena.

"Baba Na'Allah, ka zo ka sa wa yarinyar nan ƙaho a baya, ko mugun jinin ya fita."

Na ce, "Hajjo, ko shanun Bafarawa kaf za ki ba ni, askata ba ta taɓa ta. Ciwon bana ba ya son a ga jini."

"Tsufa ne dai ya sa hannunka rawa."

"Hannun da ya yi wa mijinki kaciya? Ki kai ta asibiti."

Ta tafi tana guna-guni. Hanyar Isa ba hanya ce da ake ɗora mai ciki a kanta don zazzaɓi kawai ba, kowa ya san abin da ke cikin dajin nan. Ta ce a ƙara kwana.

Da aka ƙara, sai zazzaɓin ya sauka. Jiki ya yi sanyi. Hajjo ta yi hamdala, ta dama fura da nono mai kyau, ta leƙa ta katanga tana cewa a gaya wa wanzami Allah ya fi shi. Ta kai wa Ikramu ƙwarya. Yarinyar ta kurɓa sau biyu ta miƙo, sai Hajjo ta ga bakin ƙwaryar ya yi ja. Ta ɗaga leɓen ɗiyarta da yatsa. Dasashi na tsattsafo jini. Hannuwa sanyi ƙalau, fuska ta yi fari, ga ɗigo-ɗigo ja a damtse.

Ikramu ta riƙe mara, ta ajiye kunya gefe.

"Inna, tun jiya bai motsa sosai ba. Kuma marata na ɗaurewa."

Cikin bai cika wata takwas ba. Hajjo ba ta tsaya neman takalmi ba. Aka samo mai babur, aka sa Ikramu a tsakiya, uwar a baya ta rungume ta, rana tsaka, suka bi hanyar da jiya ta ƙi bi. Duk ramin da suka faɗa, sai ta ji ɗumi na bin zanenta, ba ta duba ba, salati kawai take.

A asibiti wata ungozoma mai suna Sa'adiyya ta karɓe su. Tana ɗaura ruwa tana tambaya: mi aka ba ta? Da ta ga jajayen ƙwayoyin sai ta sa su aljihu.

"Inna, irin waɗannan ƙara tsinka jini suke. A ciwon nan farasitamol kaɗai ake sha. Muna zaton zazzaɓin dengi ne, mun ga irinsa kwanan nan. Ranar da zazzaɓin ya sauka, ranar ce ake tsoro. Ga mai ciki kuwa ya fi muni, yana tayar da naƙuda kafin lokaci, yana sa zubar jini, wani lokaci har ɗan ya kamu."

"Gidan sauro take kwana, 'yar nan. Da hannuna nake soke shi."

"Wanga sauron da rana yake cizo. Kuma ba a kwata yake haihuwa ba, ruwa mai tsabta yake so, wanda aka ajiye ba murfi. Kuna da ruwan ajiya a gida?"

Hajjo ta ɗora hannu biyu a kai.

Aka haifi namiji, ɗan mitsitsi, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Uwar kuwa jini ya ɓalle mata. Mijinta Is'haƙa, mai fataucin wake zuwa Nijar, ya baro kayansa a kan iyaka ya zo ya ba da nasa, ƙanensa ma ya bayar. Masu aikin nan sun tsaya a kanta har jinin ya tsaya. Ikramu ta rayu. Yaron ya yi zazzaɓi, ya kasa kama nono. Is'haƙa ya yi masa huɗuba da Zainulabidin, sunan ya fi shi tsawo, bai kai ranar suna ba.

Hajjo ta riga su dawowa gida. Ta wuce mata masu gaisuwa, ta nufi bayan ɗaki, ta sunkuya kan randar farko. Ruwa garau kamar kullum. Da ta ƙura ido sai ta ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna hawa suna sauka. Ta sha ganinsu, ta ɗauka halin ruwan sama ne.

Ta sa kafaɗa ta ture. Ta koma ta biyu. Wata maƙwabciya ta riƙe mata hannu.

"Hajjo, damina ta wuce fa. Mai jego na tafe, ko ba ɗa ai sai an yi mata wanka. Da mi za ki yi?"

"Za ni ɗebo."

"A rijiyar bayan gari?"

"Sake ni."

Ruwan ya bi ta ƙofar zaurena kamar an yi marka. Ta kife randunan duka, ta mayar da na aro ga masu su a bushe.

Tun daga ranar da aka sallamo Ikramu, kullum safiya Hajjo kan ɗauki tulu ita kaɗai ta fita bayan gari, ta ɗebo na ranar, ta dafa, ta yi wa ɗiyarta wanka da ganyen darbejiya, abin da ya rage ta zubar kafin magariba. Ikramu ba ta taɓa tayar mata da zancen randunan ba, ita ma ba ta tayar ba. Sai dai in ta zo wucewa ta inuwar nan takan kau da kai.

Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, ga Turba nan ba ta tashi ba, randunan na nan a kife. In kuwa tafiya ta yi mishi nisa, ya bar tashi randar a buɗe mako guda, ya leƙa ciki, sannan ya zo zaurena ya dubi idona ya ce ƙarya nake.