Wa Ya Sa Wa Mubina Ciwon Zuciya

Tun da likita a Kura ya ce ciwon zuciya ne ke damun Mubina, mijinta Fatihu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya je gonar tumatir ya buɗe ruwa, ya manta bai rufe ba, ya dawo gida, ya sake fita. Kafin azahar magana ta isa Bunkure gidan iyayenta, kuma a karkace ta isa. Ciwon zuciya? Ai sai an ƙuntata wa mace take kamuwa da shi. Wa ke zaune da ita? Fatihu. Shi ke nan, an gama masa shari'a.

Bawan Allah, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Shi dai ya ga daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likita ya ce gobe-goben nan a kai ta Kano a yi hoton zuciyar.

Da la'asar sai ga mahaifinta, Baffa Yusha'u, a adaidaita. Wai zai tafi da 'yarsa ta huta, in hankalinta ya kwanta ciwon zai tafi, babu wani Kano. Fatihu ya durƙusa a gabansa. Tsoro ne ya kama shi sosai, don ya san in ta shiga Bunkure sai rubutu da ban haƙuri, asibiti kuwa sai wata rana.

Ya maimaita bayanin da aka yi masa, cewa zuciya tana da ƙyaure irin na kanal ɗin ban ruwa. Wani ya tsuke ya ƙi buɗuwa sosai, wani ya ƙi rufuwa jini ya riƙa komawa baya, kuma na Mubina tsukewa ake zargi. Baffa ko kallonsa bai yi ba, ya sunkuci jakar kayanta.

"Baffa, likita ya yi tambaya. Tana ƙarama ta taɓa ciwon maƙogwaro, daga baya gaɓoɓinta suka kumbura? Ya ce daga nan abin yake farawa in ba a sha magani ba."

Baffa ya tsaya cak. Shi da hannunsa ya riƙe ta wanzami ya cire mata beli. Gaɓoɓin kuwa, cewa aka yi sanyin ruwan gonar shinkafa ne.

Ya daɗe yana kallon 'yarsa tana jan numfashi a bakin ƙofa. Sannan ya ajiye jakar a gaban Fatihu.

"Ƙarfe nawa za mu kama hanyar Kanon?"