Kujera Uku a Jirgin Zanzibar

Radivoj ya yi amai a gaban rabin mutanen garin Apatin ranar Lahadi da yamma, kuma babu hannun kowa a ciki. Shi ya haƙa ramin, shi ya auna zurfinsa, shi ya faɗa.

Su huɗu ne suke kamun kifi tare a kogin Dunav tun suna da gashi a ka. Akwai shi, akwai Gavra mai walda, da Ferenc wanda ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota a Jamus, sai Obrad mai aski, ƙanin matar Radivoj. Duk wata tarwaɗa da ke kogin nan ta san tarinsu. Wata rana Ferenc ya nuna musu hoto a waya: wani siririn Bajamushe a tekun Zanzibar, rungume da kifin da ya fi ƙofar ɗaki tsawo, bakinsa kamar mashi. Radivoj ya daɗe yana kallo. Ya ce in wannan tsinken zai iya, to su me suke jira, mutuwa?

Daga ranar hankalinsu ya bar jikinsu. Radivoj ya manna taswira a bangon rumfarsu ta bakin kogi, ya soka ƙugiya a kan tsibirin. Gavra ya sayo gajeren wando mai furanni, ya ɗora shi a kan wandon aikinsa, ya yini yana walda a haka. Suka naɗe tsohuwar darduma suna koyon yadda za su riƙe kifin a hoto, mutum uku na ɗauka, ɗaya na cewa a ƙara murmushi. Obrad kuwa ba ya aski sai da labarin teku, har ya kwashe wa wani tsohon malamin makaranta gashin baki ɓangare guda bai sani ba.

Ferenc ne mai ɗan Turanci, shi ya samo musu mai jirgi a can, aka tsayar da watan Nuwamba. Sai mutumin ya aiko da saƙo: jirginsa masunta uku yake ɗauka, na huɗu ko a kan inji zai zauna bai yarda ba. Ya ƙara da cewa tekun wajensu ba ta da kunya, jirgi na fita da sassafe ba ya juyowa sai yamma, duk wanda zuciyarsa ke tashi ya yi zamansa a gida.

Gavra ya ce a jefa ƙuri'a. Radivoj ya ƙi, ya ce ƙuri'a makauniya ce, tana iya barin gwani ta ɗauki mai aski. Bikin cocin unguwarsu saura mako biyu, kuma kowace shekara ana kafa ƙaton lilon nan na ƙarfe mai siffar jirgin ruwa, wanda inji ke wurgawa sama. Su hau su huɗu, zagaye uku ba sauka. Wanda ya fara amai ya bar kujerarsa. Abin da Radivoj ya sani, kowa ma ya sani, shi ne Obrad ba ya kaiwa ko garin Sombor da ke nan kusa a mota sai an tsaya masa sau biyu ya yi amai.

"Suruki, ni kake so ka yar," in ji Obrad. "Ka faɗa kawai, mu huta."

"Ni? Lilo ne zai zaɓa. Ni dai shekarata arba'in a kan ruwa, ko gyatsa ban taɓa yi ba."

"A kan Dunav dai. Ruwan da faranti bai kai shi kwanciya ba."

"Ruwa ruwa ne, ɗan aski."

Ferenc ya rubuta dokar a bayan kwalin taba, kowa ya sa hannu. Radivoj ya sa nasa da girma.

To ranar biki kowane gida shimfiɗa tebur yake, kuma wanda ya shiga ya fita bai ci ba, ya zagi mai gidan ke nan. Radivoj mutumin kowa ne. A gidan uwar Gavra ya sha miyar kifi mai jan barkono da taliya, kwano biyu, don tsohuwar ta tsaya a kansa da ludayi. A gida na biyu gasasshen rago. A na uku naman da aka naɗe da ganyen kabeji, sai waina mai gyaɗar Turawa, kowanne da ɗan kofin barasar gida a gefe. Matarsa Stana ta ja hannun rigarsa ta tuna masa da lilo. Ya ce mata ita ba ta san ruwa ba, kwale-kwalen da babu kaya a cikinsa shi igiyar ruwa ke wasa da shi, mai nauyi zaune yake daram. Ya ƙara yanka ɗaya don ta gani.

Obrad shi ma ya shiga gidajen nan duka. A kowanne ya dafa ciki ya ce likita ya hana shi, ya gutsuri busasshen burodi. Tsofaffin mata suka zage shi son ransu, wata ta ce da ma tun yana yaro ba shi da albarka. Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Magana in ta shiga shagon aski ta gama gari. Kafin su isa filin, jama'a sun kewaye lilon, makaɗa sun baro rumfarsu sun matso. Radivoj ya haye can ƙarshen jirgin, inda ya fi tashi sama, ya cire hula ya gaishe da jama'a. Gavra da Ferenc suka zauna kusa da shi. Obrad ya lafe a tsakiya, ya rungume ƙarfe, ya rufe ido. Tun ba a kunna inji ba fuskarsa ta koma kamar tokar murhu.

Zagayen farko Radivoj waƙa ya yi, hannuwa a sama, yana kiran Obrad ya buɗe ido ya ga Afirka. A na biyu Gavra ya fara kiran uwarsa, Ferenc na zagi da harshe uku. Radivoj ya sauke hannuwansa. Waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti. Hasumiyar coci ta riƙa zuwa ta ƙarƙashin ƙafarsa tana komawa, miyar kifi ta hau ta gaishe da rago, rago ya nemi hanya. Ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Ya ce a ransa saura kaɗan, ai ɗan askin nan yanzu zai fashe.

A zagaye na uku, daidai lokacin da jirgin ya kai ƙololuwa ya ɗan tsaya, komai ya fito. Gida uku, bi da bi. Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, mai babbar ganga ne kawai bai samu gudu ba saboda nauyin kayansa.

Da aka kashe inji Obrad ya sauko da rarrafe. Ya kama turke ya miƙe, idonsa har yanzu a rufe, kumatunsa a kumbure. Da ƙyar ya buɗe gefen baki.

"Wa ya fara?"

Mutum ɗari suka amsa masa da suna ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya zagaya bayan rumfa, aka ji shi yana nasa.

Radivoj ya ce ai ga shi nan, su biyu ne, a sake. A sake gobe da safe, ciki babu komai. Ya ce lilo ba teku ba ne, wane mahaukaci ne ma ya ce lilo teku ne? Ferenc ya zaro kwalin taba ya karanta a hankali, ya nuna masa sa hannunsa. Radivoj ya juya wajen matarsa neman agaji, ya tarar Stana ta zauna a ƙasa, dariya ta hana ta numfashi. Obrad ya dawo yana goge baki, ya dafa kafaɗarsa.

"Suruki, kai da shekara arba'in a ruwa. Bar mana wannan mu ma mu koya."

Radivoj yana da taurin kai, amma ba ya karya alkawari. Washegari aka yanki tikiti uku, babu sunansa.

Ranar tafiya shi ya kai su filin jirgin sama na Belgrade, don motarsa ce kaɗai ke ɗaukar dogayen sandunan fatsa. Awa uku yana tuƙi yana koya wa Obrad ɗaurin ƙugiya da baki, Obrad na cewa to, to, an tsaya masa sau biyu a hanya. Ya sauke musu jakunkuna, ya tura keken kaya har bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce. Suka shige suna ɗaga masa hannu, su uku, da hulunan rana a cikin sanyin Nuwamba. Ya tsaya har ya daina hango su. Sannan ya koma mota ya kunna abin goge gilashi saboda yayyafi, ya kama hanyar Apatin shi kaɗai.