Na'urar da Ba Ta Jin Gyaɗa Kai

Kakana Ovide ne ya raine ni. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, na bar makaranta na koma kula da shi. Bana sai Kawu Lucien ya kai ƙara kotun Abbeville, yana so a kai Kaka gidan tsofaffi. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada Kaka ya sake faɗuwa.

Lauyarmu ta ce sai na yi magana a gaban alƙali. Ni da ko a shago nuni nake yi da yatsa.

A ƙasan kujerar alƙali akwai wata dattijuwa, Madam Verlene Guidry, mai rubuta bayanan kotu, da 'yar na'ura a gaban gwiwoyinta. Duk kalmar da ta fito daga bakin wani, yatsunta za su danna ta. Ba ta kallon na'urar, bakin mai magana take kallo.

Lauyan Kawu ya matso. "Malama Odile, aikin nan ya fi ƙarfinki, ko ba haka ba?"

Na girgiza kai.

Yatsun Madam Verlene suka tsaya. "Ranka ya daɗe, ban samu amsa ba." Ta juyo gare ni. "'Yata, na'urar nan ba ta da ido. Girgiza kai ba ya shiga."

Na ce, "Um-um."

"Wannan i ne ko a'a? Idan aka ɗaukaka ƙara, alƙalan can ba za su ga fuskarki ba. Abin da na rubuta kaɗai za su karanta, kuma yanzu a gurbinki babu komai."

Kaka ya buga sandarsa. "Shiru-shiru, yau kuma? Verlene, da kin ji ta a gida idan na ƙara gishiri a shinkafa da wake! Rediyo ma sai ya ba ta wuri."

Aka yi dariya. Alƙali ya ce, "Malam Ovide, wannan ma ya shiga rubutu."

"To a gyara, barkono ne."

Na kasa kallon alƙali, na kasa kallon Kawu. Sai na kalli hannuwan nan biyu, a sama da na'ura, suna jira. Ba su yi gaggawa ba.

Na ce, "A'a."

Suka danna sau ɗaya, suka sake tsayawa.

"Bai fi ƙarfina ba. Akwai gajiya. Ranar da ya faɗi ina wanki a bayan gida, tun daga nan na sa masa ƙararrawa a wuya. Ba ya shan magani sai na ce masa kofi na zuwa. Idan ya farka bai ga bishiyar da Kakata ta shuka ba, rikicewa yake yi. Taimako nake so, Kawu. Ba a ɗauke shi ba."

Ina magana suna bina, ina tsayawa suna tsayawa. Ban taɓa ganin wanda ya saurare ni haka ba.

Alƙali ya ce a karanto ƙarshen amsar. Madam Verlene ta karanta da muryarta, ba ta gyara ko kalma ɗaya ba. Kawu ya sunkuyar da kai.

Hukunci ya fito: Kaka zai zauna a gida, nas za ta riƙa zuwa, Kawu zai karɓe ni ran Asabar. Alƙali ya tambayi Kawu ko ya yarda. Ya gyaɗa kai.

Yatsun suka tsaya.

Kaka ya ce, "Buɗe baki, Lucien. Na'urar ba ta da ido."