Ramukan Abdulmuttalib

A shekarar da kogi ya cika har ya shiga gonakin kuɓewa, Almu mijin Huseina ya ja jakinsa zuwa mashaya da hantsi, bai dawo ba. Ƙafarsa ce ta zurma cikin ɗaya daga ramukan da Abdulmuttalib ke haƙawa a gaɓa, yana ɗibar laka don gasa jan tubali. Ruwa ya shafe bakin ramin, ba mai iya gani. Sai bayan kwana biyu aka tsamo gawar.

Abdulmuttalib ya zo gaisuwa cikin sabuwar jallabiya, ya ce, "Ki yi haƙuri, Huseina, kwana ne ya ƙare." Umda, wato mai garin, ma haka ya faɗa, don da tubalin Abdulmuttalib aka gina masa ɗakin baƙi. Sati bai zagayo ba aka koma haƙa.

Huseina ta gama takaba, ba ta tayar da maganar ba. Amma duk ranar da ta je wanki ta hango hayaƙin tubalin, sai ta tuna da Almu. Shekara uku tana haka.

Rannan ta kai ƙanwarta Raliya asibiti a garin Sinja, ta ji wani ma'aikaci na cewa yanzu majalisar karkara tana da ikon rufe duk mashayar da ke cutar da jama'a. Sau huɗu tana zuwa majalisar kafin mufattishi, jami'in duba lafiya, ya saurare ta. Ba ta ambaci Almu ba, ta san tsohuwar mutuwa ba za ta tayar da mufattishi daga kujera ba. Sauro ta faɗa masa, da ruwan da ke kwanciya a ramukan, da manoman da ke fitsarin jini.

Mufattishi ya zo da motar gwamnati. Ya zura gora a rami ɗaya, ta nutse gaba ɗaya. Ya ɗebo ruwan a kofi, ya ga tsutsa. Kafin la'asar an kafa turaku, an ja waya an rufe mashayar, an karanta takarda: a kashe wutar tubali, mai ramuka ya cike su.

Abdulmuttalib ya tare Huseina a hanya.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Kin san magidanta goma sha ɗaya ke ci a wurin nan?"

"Na sani," in ji ta, ta wuce.

Mata suka koma wata mashaya mai nisa, kaya a ka, suna tsine wa wadda ta jawo musu. Wasu suka daina gaishe ta. Raliya ta ce, "Yaya, ai kin rama, ki bari hakanan." Huseina ba ta bari ba. Kowace safiya sai ta ɗauki tabarma ta zauna bakin wayar, tana kallon Abdulmuttalib da kwandon ƙasa a ka, ma'aikatansa duk sun watse. In ya ɗago kai su haɗa ido, ba ta kawarwa.

Kafin damina ya tattara iyalinsa ya koma birnin Madani. A lokacin ne Huseina ta daina zuwa.