Motar da Ta Ɗauki Shugabanni Biyu

Shekara takwas Direba yana jan Shugaban Ƙasa, bai taɓa jin mutumin ya ce ya kasa wani abu ba sai jajibirin miƙa mulki.

Da hantsi aka ce ya fito da baƙar motar, ban da jiniya, 'yan rakiya ma mota guda. Yana goge gilashi sai ga Shugaba ya sauko tare da Zaɓaɓɓe, mutumin da ya kayar da jam'iyyarsa, wanda wata uku da suka wuce suke jifan juna da magana a rediyo. Suka shiga baya, gwiwa na gugar gwiwa. Direba ya tada mota.

Ba a bi ta sababbin gadoji ba. Shugaba ya sa ya karkata bayan kasuwa, inda famfunan unguwa suka ƙafe, mata sun jera bokitai. Daga nan sai asibitin da na'urar hoton ƙirji ke nannaɗe a leda, don ba a koya wa kowa aiki da ita ba. Sai ofishin katin shaida, layi ya zagaye ginin har ya ciji wutsiyarsa. Ko'ina aka tsaya, Shugaba yana faɗin abin da ya gwada, da wanda ya yi masa romon baka, da wanda ya gaya masa gaskiya ya ƙi ji. Ya ambaci wata injiniya a hukumar ruwa, ya ce kada a taɓa ta, ko da yake ba ta iya gaisuwa ba.

"Takardun da za a miƙa maka gobe sun yi wanka sun shafa mai," in ji shi. "Wannan kuwa shi ne abin da na kasa."

Zaɓaɓɓe bai yi murmushin nasara ba, rubutu kawai yake a bayan ambulan. Can ya ɗago ya tambayi Direba ko ya taɓa tsayawa a wannan layin. Direba ya dubi madubi, Shugaba ya gyaɗa masa kai. Sai Direba ya faɗa: matarsa ta je sau biyar, kullum a ce na'ura ta kwanta.

Washegari bayan rantsuwa Direba ya ruga ya buɗe wa tsohon ubangidansa ƙofa kamar yadda ya saba. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa sabon da haɓa, ya taka zuwa wata ƙaramar mota da ƙaninsa ke ja. Sojan da ya shekara takwas yana sara masa ya juya ya sara wa wani, babu harbi, babu ihu.

Da Direba ya koma gida ya kwashe labari ya ba matarsa. Ta ajiye dutsen guga ta dube shi.

"To kai fa, Malam? Da mota aka haɗa aka miƙa ka?"

Ya ce ƙwarai kuwa, kuma gobe ƙarfe bakwai ake son sa.